Makeron da ya fitar da ni daga mota

Wata Litinin ce a farkon damina, shekarar da wayar salula ta fara yawa a Abuja. Muna kan layin asambuli, malama mai duba farce ta fizge hular da na ƙi cirewa. Sai wani daga bayan layi ya ce, "Kai, taswirar Najeriya!" Dariya ta ɓarke. Makero ne ya ci min kai gida-gida, gashin ya kakkarye, fatar ta yi fari kamar an barbaɗa gari. Ji na yi kamar in nutse.

Babana direba ne a wani gida a Maitama, muna zaune a ɗakunan baya. Oga ne ya sa ni makaranta ɗaya da 'ya'yansa, kullum safe ina kujerar baya tare da su, ni ma ɗan gayu. Da hutu aka kai ni Yangoji wurin kakata, muka yi ta kokawa a yashi, muna rungumar 'yan awaki, mai aski ya bi kawunanmu duka da aska ɗaya a gindin mangwaro. Can na kwaso shi.

Baba ya yi abin da direbobin tashar Jabi suka ce masa. Ya kankare wurin, ya shafa min man birki, yana cewa, "Daure, kai namiji ne." Kan ya ƙone, ya fara ruwa. Da Hajiya, matar oga, ta gani, sai ta janye ɗanta a hankali ta ce wa Baba, "Malam Audu, yaron nan ya dakata da shiga mota tukuna."

A asibiti likita ta ce ba ƙazanta ba ce, dangin funfuna ne, irin wadda ke fitowa a burodi. Yana shiga har saiwar gashi, shi ya sa man shafawa kaɗai ba ya kai masa, kafson da muke sha wa kowane ciwo kuma ba ruwansa da shi. Ƙwaya ta ba ni ta makonni, a sha da abinci mai maiƙo, a dafa hula da mataji a ruwan zafi. Inna ta dinga soya min ƙosai don maganin ya kama.

Gashi ya dawo, amma ba wanda ya ce in dawo mota. Na ci gaba da takawa zuwa bakin titi neman bas. Baba yakan wuce ni da yaran oga, idonsa a kan hanya, ni kuma in sunkuya kamar ina ɗaure takalmi.

Yanzu da 'yata ta yi makero, zuwa ɗaya muka yi asibiti, ba wanda ya ma sani. Ina da motata, ina bin titin nan kusan kullum. Baba ya rasu bai kai ga shiga cikinta ba.