Na Kai Tsohuwa Ƙauyensu a Indiya Ban Karanta Takardar Ba

A lokacin ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina zaune a Greensboro ta Amurka, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Bakina ba ya tsoron kowa, amma akwai abu ɗaya da nake ɓoyewa: ban iya karatu ba. Turanci na ji shi a kunne, ina kuma mayarwa, sai dai in aka miƙo min takarda, kallonta kawai nake yi ina gyaɗa kai.

Wata tsohuwa 'yar Indiya nake kula da ita a unguwar Sedgefield, mai ciwon suga, ina kiranta Mama. Ta matsa sai ta ga ƙauyensu kafin ta mutu. 'Yarta ta roƙe ni in raka ta, ita za ta biyo mu bayan sati biyu saboda aiki. Ta ba ni takarda shafi biyu, ta ce komai game da ƙauyen yana ciki, in karanta da kyau. Washegari ta tambaye ni, na ce na karanta tsaf, har da ɗaga murya wai ni ba yarinya ba ce. A raina Indiya ai birni ce cike da jama'a da motoci, kemis a kowane lungu.

Da muka sauka daga jirgin sama muka shiga jirgin ƙasa, daga nan mota, daga nan kwalta ta ƙare. Wallahi da na ga ƙauyen sai na shiga waige-waige ina neman sauransa. Mutanensa duka ba su kai na rukunin gidajen da nake haya a unguwar Wendover ba. Kafin ruwan shayi ya tafasa ka zagaye shi da ƙafa. Ba kemis, ba asibiti. Bas ɗaya ce, da safe take zuwa, in an yi ruwa ba ta zuwa sam. Wuta kuwa sai ta ga dama.

Allurar ciwon suga ta Mama sanyi take so. Na jefa ta a firjin ƙaninta da muka sauka a gidansa, firjin da ya fi zama a kashe, ban damu ba. Kwanaki kaɗan Mama ta fara shan ruwa ba ƙoshi, tana amai, tana magana ba kan gado. Ita ce mai fassara min, ga shi ta daina gane ni. Ranar da abin ya tsananta an kwana ana ruwa, bas ba ta zo ba. Na tsaya tsakar gida ina ihu da Hausa da Turanci, mata sun kewaye ni, ba mai fahimtar wani. Ƙaninta, tsoho tukuf, shi ya samo tarakta. Na rungume Mama a bayan taraktar, muna tangal-tangal cikin taɓo har kusan la'asar kafin mu ga kwalta, daga nan aka kai ta asibiti.

Ta rayu, amma ƙodarta ta taɓu. Har yau wankin ƙoda ake mata. Da 'yarta ta iso asibitin, ta buɗe takardar nan ta karanta min a hankali: a riƙe allurar cikin jakar ƙanƙara, kada a dogara da firji, ga lambar direban da za a kira daga gari in bas ba ta zo ba. Lambar tana cikin jakata duk tsawon ranar nan. Na faɗa mata gaskiya. Ba ta zage ni ba, na so ma ta zage ni. Cewa kawai ta yi da na faɗa tun farko, da ta zauna ta karanta min.

Na dawo na shiga makarantar manya, da hannuna na rubuta wannan. Amma karatuna bai gyara ƙodar kowa ba. 'Yan uwana mata masu wannan aiki, in za a tura ku wani wuri da ran mutum a hannunku, ku tambayi girman garin, ku tambayi mota sau nawa take shiga, asibiti ina yake. In ba ku iya karatu ba, ku buɗe baki ku faɗa. Ni na ji kunyar faɗa, baiwar Allah da ba ta san komai ba ita ke kwanciya a injin asibiti kowane mako.