Tabon da Ya Ƙi Sabulu

Baba Fes ake ce masa a layin, har yaran da suka taso ba su san yana da wani suna ba. Mai guga ne a shagon wanki, kuma teburinsa na jikin taga tun zamanin mahaifin mai shagon na yanzu, lokacin da ake wanki da baho da ƙarfin damtse. Ba ya ɗora dutsen guga a kan riga sai ya ɗaga ta ga hasken taga, ya juya gaba da baya, ya leƙa wuya da hammata. In ta yi masa, ya ce "fes". In ba ta yi ba, ta koma ruwa, ko da mai ita na tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa mukullin mota. Dalilinsa ɗaya ne: tabon maiƙo ba ya nuna kansa a jiƙaƙƙen yadi sai ya bushe, in kuwa zafin guga ya bi ta kansa, to ya zauna ke nan har rigar ta mutu.

Da tsohon mai shagon ya rasu ɗansa ya gaje shi, sai ya kawo injinan wanki. Masu wankin hannu suka watse ɗaya bayan ɗaya, Baba kaɗai ya rage. Saurayin bai ɓoye masa dalili ba. Ya ce inji na wanki amma ba ya gani, muddin idon Baba na bakin tagar nan, teburin nasa ne. Baba ya ji daɗin maganar, ya kuma ji tsoronta. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun kama gabansu sai 'yarsa Auta da ke kawo masa abincin rana, kuma ban da teburin nan ba shi da wani abin da ke tashinsa da safe.

Ana nan sai fararen kaya suka fara fitowa daga babban injin da ɗigo-ɗigon maiƙo, launin toka, wani kamar ƙwayar wake. Baba ne ya fara gani, kamar kullum. Da ma shi da injin ba sa ga maciji, sai abin ya zo masa daidai. Ya soma da ruwan ƙamshin nan mai tausasa kaya, ya ce ana kwarara shi kai tsaye a kan yadi, dole ya bar shaida. Aka riƙa sirka shi da ruwa, tabo bai fasa ba. Ya naɗe hannun riga ya goge cikin robar bakin ƙofar injin, ya kwaso dauɗar da ta ba kowa kunya. Ya sa aka kunna injin babu kaya da ruwan zafi, sannan ya jefa tsohon farin tawul shi kaɗai don gwaji. Tawul ya fito da tabo. Baba ya kai shi hanci ya shinshina, ya ce wannan ba sabulu ba ne, giris ne, a kira mai gyara.

Mai gyara ya kwance bayan injin ya tarar da abin da Baba ya faɗa. Robar da ke tare man boris, ƙarfen da gangar ke juyawa a kansa, ta cinye, giris na tsiyaya cikin gangar wankin. Ya sa sabuwa, ya wanke gangar, ya ce da a ce Baba ya yi kanikanci da su sun rasa aiki. Ranar Baba har da 'yar waƙarsa yana guga. Kayan da suka ɓaci ya bi su ɗaya-ɗaya da sabulun wanke-wanke, yana murzawa da babban yatsa, kuma kusan duk ya ceto su.

Da a ce a nan labarin ya tsaya, da na fi kowa murna.

Bayan 'yan kwanaki Baba ya ɗaga zanin gado ga taga ya ga tabo a tsakiyarsa, ba ɗigo ba wannan karon, shafe guda mai duhu-duhu. Ya mayar da shi ruwa. Na biyu ma haka, rigar da ta biyo baya ma haka. Ya sa aka dawo da mai gyara, ya wanke shi tas, ya ce aikin ha'inci ya yi. Mutumin ya sake kwance injin, ya ga ko'ina a bushe, ya karɓi zanin ya duba, bai ga komai ba. Mai shago ma ya duba bai gani ba. Amma wa zai ce wa Baba Fes babu tabo a inda ya ce akwai? Kowa ya zargi nasa idon.

Kaya suka taru a kwando, masu su suna zuwa suna komawa hannu wofi. Baba ya rame don baƙin ciki, yana ganin injin ya rantse sai ya zubar masa da mutunci a tsufansa. Ya riƙa murzar wuri ɗaya har fatar yatsansa ta saɓule. Rannan ya murji ƙirjin wata farar riga har yadin ya huje. Mai shago ya ɗauke rigar, da Auta ta iso da kwanon abinci ya tare ta a waje, suka ɗan jima suna magana ƙasa-ƙasa.

Ta shigo ta ajiye kwanon a gefen tebur. Baba ya ji daɗin samun shaida daga gida. Ya ware zanin gado a gaban taga ya nuna mata da yatsa.

"Auta, ke idonki sabo ne. Faɗa musu abin da kike gani a nan."

Ta duba inda yatsan yake, ta daɗe tana dubawa, don ta so ƙwarai ta ga wani abu.

"Baba, babu komai a wurin."

Ya ɗago zai yi mata faɗa, sai tabon ya taso daga zanin ya biyo shi. Tabon ya zauna a fuskarta, ya rufe hancinta da bakinta, sai gefen ɗankwalinta da kunnuwanta yake gani. Baba ya kalli bango, tabon yana can. Ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya sauya ɗayan, ya ga a nan duhun ya fi yawa. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai kuma zauna ba. Tsoro ne ya kama shi irin wanda bai ji ba tun ranar da aka fito da matarsa daga ɗakin asibiti.

Dutsen guga na ta huci a kan tebur. Baba ya shafa zanin da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan, ya ninke shi yadda hannunsa ya saba, baki ya haɗu da baki. Sannan ya ɗauko wata riga daga kwando, ya miƙa wa 'yarsa, ya yi tambayar da bai taɓa yi wa wani mahaluƙi ba tun da ya fara sana'ar nan.

"Duba mini wannan. Ta fita?"

"Ta fita, Baba," ta ce.

Ya gyaɗa kai. Ya laluba bango har ya sami wayar dutsen, ya zare ta da kansa, ga rana tsaka, ga kwando cike da kaya. Ya ce ta kira masa mai shago, kuma ta tsaya kusa, don ba ya so yaron ya ga yana laluben ƙofa.