Gwaggo Ce Ke Fara Wucewa

Shekara biyar ke nan da muka raka gawar abokina Yakubu filin jirgi aka wuce da ita Kafanchan, amma har yau in na ji ƙarar injin markaɗe sai na waiga, ko Gwaggo ce ta fito aiki. Gwaggo ba mutum ba ce. Wani ɗan kan jirgin ƙasa ne na wasa, rawaya, bai wuce tsawon kamu biyu ba, aikinsa goge layin dogo. Yakubu ne ya raɗa mata sunan, wai don ba ta iya shara sai da mita.

Yakubu ma'aikacin lantarki ne, ni kuwa akawu ne a wani ofis a unguwar Port Saeed da ke Dubai, kuma gyaran na'urar sanyaya ofishinmu ne ya haɗa mu. Ya ji ina faɗa da wani a waya da Hausa, ya leƙo daga kan tsani ya ce, “Bakano, rage murya, za ka ƙara wa ɗakin zafi.” Tun daga ranar bai ƙara kirana da sunana ba. Mahaifinsa tsohon direban reluwe ne, a bakin tasha aka haife shi, don haka da ya sami ɗan tsakar gida a ɓangaren da suke haya a unguwar Al Khabaisi, maimakon ya kafa rumfar mota irin ta kowa, sai ya shimfiɗa layin dogo ya zagaye bishiyar dabino. Ya gina kogo da siminti, ya yi tashoshi. Kafanchan ta sami bene da fitilu. Kano kuwa, saboda neman magana, ya ajiye ta kusa da famfo ba ko rufi.

Ranar Juma'a ce hutun kowa a nan, don haka su fito daga coci, mu fito daga masallaci, mu haɗu a gidansa da la'asar. Matarsa Rahila, ma'aikaciyar jinya, takan soya masa, 'yarsu Ƙauna ta jera taragu. Sai dai komai yawan baƙi, jirgin fasinja ba ya motsawa sai Gwaggo ta zagaya. Tsarinsa tsoho ne: wuta daga taransifoma take shiga ƙarfen layin, jirgi ya sha ta ƙafafunsa. A garin da rairayi ke sauka kullum, raɓa kuma ta zo da gishirin teku, mako guda ya isa layin ya yi baƙi, jirgi ya riƙa tari yana tsayawa. Gwaggo tana da ƙafafu biyu masu kaushi a gaba, suna juyawa suna kankare dattin. Mu zauna muna hamma, ita tana rarrafe tana gurnani. In na yi ƙorafi sai ya ce, “Shwaiya shwaiya, sannu-sannu, Bakano. Babana bai taɓa tayar da jirgi kan layin da ba a duba ba.” Ni dai masa nake ci, ban taɓa kula da yadda yake sarrafa ta ba.

Cikin tsakiyar zafi ya rasu, ciwon zuciya, a wurin aiki. Lokacin dama jirgin yana hutu, don babu mai iya zama a waje. Da sanyi ya fara shigowa na je gaishe su, na tarar labulen ƙofar tsakar gida a sake. Ƙauna ta gaya mini tun da mahaifinta ya rasu, Rahila ba ta taka wurin ba. Rahila ta ce, “Baban Amira, ka nemo wanda zai kwance abin nan ya tafi da shi, khalas, shi ke nan. Ko koren jirginsa ma ban san inda ya kai shi ba, kwalinsa wayam.” Koren shi ne ɗan lelensa, mai kama da wanda mahaifinsa ya tuƙa. Na roƙe ta Juma'a ɗaya. Na ce in jirgi bai zagaya ba, ni da kaina zan kwance. Ta ce to, da muryar wadda ta riga ta gama shawara. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san in layin nan ya tashi, zumuncin Juma'a ya tashi, ita kuma ta ƙara shigewa ɗaki.

Juma'ar na zo da mutanenmu, na ɗora Gwaggo a tashar Kano, na murɗa taransifoma kaɗan, cikin ladabi, kamar mai taɓa kayan marayu. Ta ɗan matsa, ta tsaya, ba gurnani ba komai. Na hura mata iska, na goge ta da bakin rigata, har da bismillah. Shiru. Ashe Rahila tana kallona ta tagar kicin. Sai kawai muka ji an ja ƙofa, ga ta da ludayi a hannu.

“Haba, Baban Amira! Shekara nawa kana cin masa a gidan nan? Gwaggo ba ta aiki da rabin wuta. Ƙurewa ake yi, sannan a rage mata gudu da maɓallin da ke kan rufinta.”

Ta saita maɓallin, ta murɗe taransifoma har ƙarshe. Gwaggo ta ɗauki mitarta. To amma a irin wannan tsari wutar ɗaya ce ga duk abin da ke kan layi, shi ya sa Yakubu kan sauke kowane jirgi kafin ya tayar da ita. Mu a saninmu layin ba kowa. Sai ga wani abu ya faso daga cikin kogo a guje, da fitila a kunne da yanar gizo-gizo a goshi. Koren jirgi ne! Ashe can Yakubu ya ɓoye shi saboda rana. Ya wuce Kafanchan ko sallama babu, ya zo kwanar dabino ya yi tsalle ya faɗa cikin yakuwar Rahila, ƙafafu sama.

Rahila ta dubi jirgin, ta dubi yakuwarta, ta ce, “Ka ga mutumin nan ko? Ya tafi ma bai bar ɓarnar yakuwata ba.” Sai dariya ta ƙwace mata, ta zauna kan bulo tana yi tana share hawaye da gefen zane, mu ma muka taya ta duka biyun. Jirgin fitila kawai ya fasa. Ranar sai da Gwaggo ta gama zagayenta, aka ɗora shi, ya ja taragu har magariba. Maganar kwancewa ba a ƙara tayar da ita ba.

Yanzu metro ya iso har kusa da unguwarsu, jirgi ba direba, kuma duk lokacin da na shiga sai in ji kamar Yakubu yana gefena yana leƙen ƙasa yana cewa, to wa ke share musu layi? Na tabbata zai so shi, amma ba zai yarda ya faɗa ba. Ƙauna, da ta shiga jami'a, ta dage a sauya tsarin zuwa na zamani, inda kowane jirgi ke da lambarsa, a tuƙa shi daga waya. Da yana nan da ya saurare ta har ƙarshe, ya yaba, sannan ya ƙi. Rahila ma ta ƙi. Ta ce da na zamani ne, da koren yana cikin kogo har yau.

Yakubu bai bar gida a Dubai ba, bai bar suna a jikin wani gini ba, ko da yake rabin ofisoshin Port Saeed da hannunsa suka yi sanyi. Abin da ya bari shi ne mutanen da har yanzu suke fitowa daga coci da masallaci su nufi tsakar gida ɗaya, su zauna su jira a gyara hanya kafin a yi nishaɗi. Ina kewarsa, kuma ban sami wanda ya iya zolayata kamarsa ba. Juma'ar da ta wuce wani sabon baƙo ya ƙosa, ya tambayi yaushe jirgin zai tashi. Kafin Rahila ta buɗe baki na ji kaina ina cewa, “Shwaiya shwaiya, Gwaggo ce ke fara wucewa.” Sannan na durƙusa na leƙa kogo tukuna.