Tauraruwa Mai Numfashi

Shekarar da fari ya cinye shanunmu, sojoji suna mulki, Inna ta baro ƙauye ta zauna wajena a unguwar Maourey, cikin Yamai. Lokacin ina jami'a, ina karatun taurari. Wata la'asar tana tsince dawar taimako, ta tambaye ni me nake koyo.

Na ce, "Inna, akwai taurari biyu masu zagaya juna, ɗaya tana kumbura tana sacewa kamar mai numfashi. Haskenta muke aunawa."

"Zai kawo ruwa?"

"A'a, Inna."

Ta mayar da hankalinta kan dawar. Can ta ce, "To, ci gaba. In ka gano abin da ke sa ta numfashi, ka faɗa mini." Ta yi dariya, ta farko tun zuwanta Yamai.