Goron Sunan da Aka Maido

Shekarar da tsutsa ta cinye mana tumatir a bakin dam ɗin Zobe, ita ce shekarar da ƙanwata ta haihu. Bazawara ce, ta daɗe ba aure. Mutumin Kurfi da ya yi mata alkawarin aure ya rantse gaban alƙali bai san zancen ba. Alƙali ya ce tunda ba shaidu, ɗiya ta uwarta ce. Ban ja da shi ba. Amma na kasa kunne sosai, ban ji inda ya ce kada a raɗa mata suna ba.

Ana gobe kwana bakwai na sawo goro a kasuwar Dutsin-Ma, na bi gida gida ina rabawa. Kafin la'asar goron ya fara dawowa. Wasu ko ganyen ba su kwance ba.

Yayanmu ya same ni ina ɗaure rago.

"Kai, a wane gari ka ga an yanka wa irin wannan ɗiya rago?"

"Yaya, ragon nawa ne."

"Gidan fa? Shi ma naka ne kai kaɗai?"

Na ƙara wa ragon dusa.

Wanzami kuwa cewa ya yi askarsa ba ta hawa kan da ba uba. Na ce, "Sarkin aska, duk kawunan da ka aske a unguwar nan, kai ka tsaya shaida?" Masu jiran layi suka sunkuyar da kai suna dariya. Bai zo ba.

Da safe liman ya yi tafiyar gaggawa. Mu uku muka zauna a zaure, ni da wani tsoho masunci da makahon maƙwabcinmu. Na yanka ragon, na yi abin da na iya na addu'a. Na aske jaririyar da reza, ƙanwata na riƙe da kan. Sannan na fita ƙofar gida na faɗi sunan da ƙarfi. Sunan mahaifiyarmu ne.

Yanzu yarinyar tana aji uku. Ita ke duba mini wannan rubutun in na dawo daga ajin manya.

Abin da na rasa: tabarmar majalisarmu, gayyar dashen albasa ta shekara biyu, auren da aka kusa sa mini rana a Makera, da gaisuwar Yaya har ya rasu.