Addu'ar Da Ban Ƙarasa Ba

Wata Talata da yamma, cikin daminar 1977, aka fara ɗora mini addu'ar abinci a gidanmu. Kasuwar Mafara ta watse, Inna ta dawo da busasshen kifi, ta yi mana tuwon dawa da miyar yakuwa, ƙamshi ya cika tsakar gida har akuyar maƙwabta tana leƙowa ta danga. Muka zauna a tabarma, ni da yayana Bulus da iyayenmu, sai Baba ya ce, "Yau Rahila za ta yi muna." Na runtse ido, na haɗa hannuwa, na ce, "Ya Ubanmu, mun go… go… go…" A nan na maƙale. Kalmar "gode" ta tsaya mini a wuya, na yi ta tura ta, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Bulus, wanda tun kafin a sauke tukunya ya wanke hannu, ya ɗaga murya ya ce, "Amin!" Inna ta yi ƙoƙarin danne dariya, ta kasa. Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya riƙe hannun Bulus da ke shirin faɗawa cikin kwano, ya ce, "Ba ta ƙare ba." Haka aka jira ni har tuwon ya yi fata. Da na saci kallo da ido ɗaya, sai na ga shi bai rufe nasa idanun ba, ya zuba su a kan bakina. Na ɗauka gadi yake yi, kada wani ya buɗe ido cikin addu'a.

Mu baƙi ne a Talata Mafara a lokacin. Daga wani ƙauye can gefen Tsafe muka taso, muka biyo aikin dam ɗin Bakolori kamar yadda dubban mutane suka biyo shi. Baba direban tifa ne, yana kwasar dutse zuwa bakin aikin, wajen Maradun. Ya kama mana ɗaki biyu a gidan wata dattijuwa Musulma, Goggo Hassi, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da babban gida da bishiyar dalbejiya da kaji marasa kunya. Ta san mu Kirista ne tun ranar farko, abin da ta ce kawai shi ne kada a zuba ruwan wanke-wanke inda take shimfiɗa buzunta. Da safe muna jin ƙugin motoci suna wucewa a jere, da rana a ji tashin nakiya daga nesa har ƙwaryar da ke kan randa ta motsa. Goggo takan tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Sun dai rantse sai sun ɗaure gulbin ga." Tana da dalilin jin haushi, domin fadamar 'ya'yanta da ambaliya take rayuwa, ga shi ana shirin tare ruwan. Amma hakan bai hana ta ajiye wa Baba fura ba in ya dawo fari fat da ƙurar dutse. Ranar Lahadi mukan tafi wani ɗan ɗaki mai rufin kwano a bayan gari, inda leburori da direbobi da makanikai daga ƙasashe daban-daban suke taruwa sujada, kowa da irin Hausarsa.

Ni kuwa da i'ina aka haife ni, kuma wanda bai yi ta ba ba zai san wahalarta ba. Ba rashin magana ke damun mai i'ina ba, taimakon mutane ne. Kowa gwani ne wajen ƙarasa maka zance. In aka aike ni sayen gishiri na tsaya a "gi… gi…", mai tebur ya miƙo mini gyaɗa, ni kuma don kunya in karɓa in dawo gida in sha faɗa. A makaranta, in malam ya kira suna, kafin in amsa ya wuce mutum uku. Yara suka raɗa mini Ra-Ra. A wajen 'yar carafke da gala-gala ba mai kama ƙafata, domin can hannu da ƙafa ke magana, haka nan wajen gaɗa, don in dai waƙa ce harshena sakewa yake yi sarai. Goggo ta gwada mini jiƙe-jiƙe iri-iri, masu ɗaci da masu bauri, na sha na gode, harshe yana nan inda yake. Inna tana ƙaunata, amma mace ce mai aiki goma a hannu, ga surfe ga ɗiban ruwa ga wanki, saboda haka takan ce, "Nuna mani da hannu, ɗiyata." Baba kaɗai ne bai taɓa ƙarasa mini kalma ba. Ko a gajiye yake, yakan ajiye abin da ke hannunsa, ya juyo gaba ɗaya, ya dube ni, ya jira. A gabansa na ba da labaran da ba wanda ya taɓa jin ƙarshensu: yadda akuya ta cinye mini alli, da yadda na ga kada a mafarki yana tuƙa tifa.

A majami'a an koya mana cewa Allah yana jin addu'a, na kuwa yarda. Sai dai na yi nawa lissafin irin na yara. A ganina addu'a aike ce, kuma na san abin da ke faruwa da aike in bai fita daidai ba: ka nemi gishiri ka dawo da gyaɗa. "Amin" kuma, a tunanina, ita ce rufe ƙofa, abin da ya shiga kafin a rufe ya shiga, wanda bai shiga ba ya kwana a waje. Don haka na koyi gajarta addu'a, ina zaɓen kalmomi masu sauƙin fita, ina kewaye masu wuya kamar yadda ake kewaye kududdufi. Abubuwa da yawa da nake so ban taɓa roƙonsu ba, don kawai sunansu ya fi ƙarfin bakina.

Da bazarar shekarar da ta biyo, zafi ya yi zafi, sanƙarau ya shigo gari. Baba ya dawo daga aiki wata rana yana riƙe da ƙeya, kafin la'asar ba ya iya sunkuyar da kai. Abokan aikinsa suka sa shi a mota zuwa asibiti, Inna ta bi su da ɗan ƙunshin kaya, aka bar ni da Bulus a hannun Goggo. Da rana ta faɗi, Goggo ta idar da sallarta, ta dube mu ta ce, "Ku ma ku yi irin taku, Allah na jiran kowa." Muka durƙusa a bakin ɗakinmu. Bulus ya yi tasa da sauri. Sai ni. Na tattara duk ƙarfina na ce, "Ya Allah, ka dawo mana da Baba la… la… la…" Lafiya nake so in ce. Na ja numfashi, na sake, na buga ƙafa a ƙasa, ta ƙi fita. Bulus ya fashe da kuka ya ce, "Cikin sunan Yesu, amin." Wannan karon ba yunwa ce ta sa shi ba, zuciyarsa ce ta kasa ɗauka. Goggo ma, daga kan buzunta, ta ce amin. Na tashi, na san an rufe ƙofa kalmar tana waje.

Baba ya dawo. Ya rame har wandonsa sai da aka ƙara wa mazagi ƙulli, amma da ƙafarsa ya shigo gida. Mata suka yi guɗa, 'yan majami'a suka zo da waƙa, maƙwabta suka yi ta sallama. Sai dai in an ce masa "Ina gajiya?" ya ce "Suna lahiya." In an yi masa barka da arziki, ya yi murmushi ya dubi Inna. Ciwon ya tafi da kunnuwansa duka biyu. Kowa yana cewa an gode Allah da ya bar rai, ni kuwa na koma bayan rumbu na yi kuka har na gaji. A wurina zancen a fili yake: na roƙi a dawo da Baba, an dawo da shi, lafiyar da ban faɗa ba ita ce ba a haɗo da ita ba. Ban gaya wa kowa ba. Wa ma zan gaya wa? Mutum ɗaya ne a duniya yake jira in ƙare magana, shi ne kuma na jawo wa kurumta.

Aikin tuƙi ya ƙare, tunda direba sai da kunne. Babban ɗan Goggo ya yanka masa 'yar gona a hanyar Garbadu, ya koma riƙon fartanya. Gidanmu ya zama gidan ihu da nuni da hannu. Inna ta yi ta ɗaga murya har ta dishe, Bulus ya yi ta zana abubuwa a ƙasa, Baba ya yi ta gyaɗa kai don kada ya ba su kunya, alhali bai gane ba. Ni kuma na shiga gudunsa. In ya shigo ta ƙofa, in zame ta bayan ɗaki. In ya miƙo hannu, in ajiye masa ruwa in wuce kaina a ƙasa. Na daina addu'a gaba ɗaya, don ina tsoron kada in sake ɓata wani abu. Na yi kewarsa ƙwarai, ga shi kuwa kullum muna kwana gida ɗaya.

Ranar da abin ya warware, lokacin noman fari ne, gero ya kai gwiwa. Inna ta aza mini ƙwaryar fura ta ce in kai masa gona, Bulus ya tafi kiwon awakin Goggo. Na same shi a duƙe, bayansa sharkaf da gumi. Ya zauna a gindin wata ƙirya, na durƙusa na ajiye ƙwaryar, zan juya ya kama hannuna ya zaunar da ni a gabansa. Ya dube ni irin kallon nan nasa na da, yana jira. Sai na ga ai ba zai ji ba, don haka ba abin da zai hana in faɗa. Ban ma fitar da murya ba, leɓɓana kawai na motsa, na ce, "Baba, ka yafe mini, ni ce ban ƙarasa ba." Abin mamaki, da babu murya, ko sau ɗaya harshena bai sarƙe ba.

Ya ajiye ludayi. Da babbar muryar nan da ya koma yi tun da ya daina jin kansa, ya ce, "Mi ne ba ki ƙarasa ba?"

Na zabura, na ɗauka kunnen ne ya buɗe. Na tafa hannu a bayan kansa, ko gezau bai yi ba. Ya yi dariya, dariyar farko da na ji daga bakinsa tun dawowarsa, ya ce in ci gaba, yana gani. Na zayyana masa komai, da durƙuson, da kalmar da ta ƙi fita, da amin ɗin Bulus, da ƙofar da aka rufe. Bai katse ni ba. Da na gama ya share mini fuska da gefen rigarsa mai ƙasa, ya ce, "Rahila, tun randa kinka fara magana bakinki nika kallo. Kowace kalma, na san ta tun ba ta hito ba. Shiru nika yi don ki hwaɗe ta da kanki." Sannan ya ce, "To ni ke nan, mutum, kurma ma. Wanda ya yi bakin hwa? Shi za ki ce bai ji 'lahiya' ba?"

Kunnen Baba bai buɗe ba har ya koma ga Mahaliccinsa, ni ma harshena bai sake duka ba, kuma ban san dalilin ko ɗaya ba. Amma daga ranar na zama kunnensa. A duk garin bakina kaɗai yake iya karantawa, domin bakin nan kaɗai ya daɗe yana nazari. A kasuwa ina tsaye gefensa ina maimaita masa ciniki ba murya. A majami'a nakan zauna ina fuskantarsa, in juya wa mai wa'azi baya, har dattawa suka saba. Goggo ta ce, "Ikon Allah, wagga ɗiya da ba a jira ta yi magana, yau ita ka magana da bakin kowa." Da yamma kuwa aka mayar mini da addu'ar abinci dindindin, Bulus ya koyi cin tuwo mai sanyi.

Bara na bi ta Mafara a hanyar Bakura. Inda gonar Baba take yanzu shinkafa ce kore shar a bakin hanyar ruwa, ƙiryar babu ita, gidan Goggo ya zama shaguna. Jikokina kuma sauri ne da su, ko gaisuwa a waya ba sa bari ta kai ƙarshe. Akwai ƙaramarsu da ta gado harshena. In ta durƙusa ta maƙale, sauran suka fara motsi, nakan riƙe hannun na kusa da kwano in ce ba ta ƙare ba. Ba na rufe ido, bakinta nake kallo, ina jin kewar mutumin da ya kalli nawa. Na san an riga an ji ta, jiran da muke yi don ta faɗa da kanta ne.