Layin da Na Manta Ban Goge Ba

A ƙarshen shekarun casa'in ina aiki a ofishin wani shirin tallafa wa manoma a Karaye. Kwamfuta huɗu gare mu, an haɗa su da waya, ni ke kula da su, kuma ba ƙaramin ji da kai nake yi ba. Kowace tana da suna da lamba. Mu suna muke kira, ita kuwa na'ura lamba ta sani, sai ta tambayi kwamfutar manaja, mai riƙe da jerin sunaye da lambobinsu. Amma a cikin kowace akwai ɗan fayil da take fara dubawa. Abin da ka rubuta a nan shi za ta bi, ba ta ƙara tambayar kowa.

Wadda muke ajiye bayanai a cikinta muna kiranta rumbu. Da aka kawo sabuwa, aka ba ta sunan, tsohuwar ta koma lungu amma ba a cire mata waya ba. Wata rana ina gwaji a kwamfutar akawunmu, na rubuta layi ɗaya a ɗan fayil ɗin nan: rumbu, sai lambar tsohuwar. Aka kira la'asar, na tashi, na manta.

Akawun dattijo ne, da tafireta ya yi furfura, kwamfuta kuwa tsoronta yake ji. Sati uku yana shigar da sunayen manoman garuruwan Rogo da Turawa da za a ba irin gyaɗa, da yatsa biyu, yana gama takardun kowane gari ana mayar wa dagacinsa. Duk a tsohuwar na'ura suke sauka, ba wanda ya sani. Ranar Laraba aka ɗauke ta zuwa reshenmu na Rogo. Ranar Alhamis manaja ya buɗe rumbu, wayam. Ga ruwa ya sauka, ga rabo ranar Litinin.

"Malam, in aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa," in ji manaja, a gaban kowa.

"Yallaɓai, na buga su. Wallahi na buga su," in ji dattijon. Sai ya dubi hannunsa, ya ce a hankali, "Ko ban buga ba?"

Bayan an watse na buɗe ɗan fayil ɗin a kwamfutar akawun, na ga layina. Na goge shi, na yi gum. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ni da nake yi wa mutane dariya in sun rasa inda ake kunnawa, da wane baki zan faɗa?

Ranar Asabar da safe direbanmu ya ce mini wani mai gyara daga Kano yana Rogo, zai share tsohuwar na'urar tas ya sa mata sabon tsari. Ban tsaya jiran bas ba, na haye acaɓa. Hanya duk taɓo, ina ta zungurar mai babur har ya ce in ba zan yi haƙuri ba in sauka. Na tarar da mutumin ya kunna janareta, faifansa a hannu. Na daka masa tsawar da har yau nake jin kunyarta. Sunayen suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba, na kwaso su na mayar ofis.

Litinin manaja ya yi ta yabona. A kan teburinsa na hango takardar sallama da sunan dattijon.

"Ka ga aikin masu ilimi," ya ce wa dattijon. "Kai ko inda ka zuba su ba ka sani ba."

"Yallaɓai, inda na tura shi nan ya zuba," na ce. Na faɗi komai, har da ranar da na gano.

Manaja ya wanke ni tas, na kuwa cancanta. Da muka fito alwala, dattijon ya dube ni.

"Tun Alhamis ka sani, ɗana?"

"E, Baba."

"Aikin ban damu da shi ba," ya ce yana zuba ruwa a buta. "Kwana huɗu ina ƙirga 'ya'yana da sunayensu, ina duba ko hankalina ne ya fara tafiya."